Fadama: Yadda Sunan Arziki Ya Koma Sunan Ambaliya a Bakin Teku

Ka tambayi manomin Wurno ko na Argungu mece ce fadama, zai nuna maka gonar da ba ya sayarwa ko da yunwa ta shigo gida. Ka yi wa ma'aikacin gwamnati a Abuja wannan tambaya, zai ɗauka kana neman shiga shirin tallafin injin ban-ruwa ne. In ka gangara Akra ka ambaci sunan, unguwar talakawa za a nuna maka a bakin tafkin Korle, wadda ambaliya da gobara da katafilar hukuma suke yi wa zuwa bi da bi. A Kwatano kuwa, cibiyar kasuwancin Jamhuriyar Benin, Hausawan Zongo da yawa suna cin abinci da albasar da fadamun arewa suka haifa, alhali birnin da suke zaune a ciki ya hau kan irin wannan ƙasa ya miƙe ƙafa, kuma kowace shekara sai ya biya kuɗin zaman.

Ta yaya sunan da ke nufin arziki a bakin gulbin Rima ya koma sunan wahala a bakin teku? Kalmar ce ta sauya, ko kuwa zaman masu furta ta? Sai an bi sawunta tun daga gida za a gane.

Ma'anarta a gida

Bahaushe ba ya kiran ƙasa da suna ɗaya. Akwai tudu, inda ruwa ba ya kwana. Akwai jigawa mai rairayi, ta gero da gyaɗa, wadda jihar Jigawa ta ari sunanta. Akwai fako, ƙeƙasasshen wurin da ko ciyawa ba ta marmarinsa. Gaɓa ita ce bakin kogi kawai, inda ake ɗaure jirgi. Lambu aikin hannu ne, ana iya kafa shi ko a gindin rijiya a kan tudu. Fadama kuwa ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke gefen gulbi ko cikin kwari, kuma sai ta cika sharuɗɗa uku take cin sunanta: ruwa ya hau ta da damina, ya janye da kaka ya bar mata laka, sannan ya rage a ƙarƙashinta kusa-kusa, yadda in aka yi haƙa kaɗan za a same shi da rani. Inda ruwan bai janye ba tafki ne, inda bai taɓa hawa ba tudu ne. A fadama ne karin maganar nan ya fi zama daidai, cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Mai saurin fassara zai so ya danganta ta da faɗi ko faɗawa, ganin ƙasa ce mai faɗi da ruwa ke faɗawa. Kunne ya isa ya raba wannan gardama, domin waɗancan da ɗ mai lanƙwasa ake furta su, ita kuwa da d take. Tsufanta a wannan ma'ana ba abin shakka ba ne. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya riƙa amfani da ita a littafin tafiyarsa yadda ya ji ta a bakin mutane. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 shi ma ya kawo ta da ma'anar ƙasa mai riƙe ruwa. Darajarta kuma a littafin haraji take fitowa fili: a masarautar Kano kafin zuwan Turawa, ban da kuɗin ƙasa, akwai kuɗin rafi da ake karɓa a kan amfanin noman rani. Sarki ba ya ware wa ƙasa haraji nata na daban sai in ta fi sauran kawo kuɗi.

Ƙasar karɓa-karɓa

Wanda ya zauna shekara guda cur a fadamar Rima ko ta Haɗeja zai ga abin da ƙamus ba ya iya ɗauka. Da faɗuwar ruwan farko manomi ke watsa shinkafa, irin wadda ke tsawo tana bin ruwa yayin da yake hawa. Da gulbi ya cika ya batse, sai gona ta zama ta masunci: kifi na shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, a bi shi da homa da gora. Da kaka ruwa ya fara ja da baya, a yanke shinkafa, a kwashe tarwaɗar da ta maƙale a ƙananan tafkuna. Sanyi na shigowa mai lambu ya ja fangali, ya kafa jigo a bakin rami: doguwar sanda a kan gwafa, dunƙulen laka a gindinta, guga a bakinta. Ya danna ta nutse, ya saki ta taso, ya juye a magudana, ruwa ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa yana toshewa da fartanya. Haka albasa da tattasai da alkama da rake suke samuwa a lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Bazara na yi, Bafulatani ya gangaro da shanunsa ta burtali, su ci ɗanyar ciyawa da ragowar gona, su sha a mashaya, su bar taki. Mai ginin tukwane ma tana da rabonta na yumɓu.

Ke nan fili ɗaya ne, masu shi da yawa, kowa da lokacinsa. Wannan karɓa-karɓa ba a bar ta kara zube ba. Sarkin Ruwa ke faɗin ranar da za a shiga su da wurin da aka hana, Sarkin Noma da Arɗo su daidaita ranar sakin dabbobi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, a kan wannan doka yake tsaye, domin ana hana su a ruwan Matan Fada har sai ranar da aka ba da izini. Addini ma ya ƙarfafa al'adar, tunda hadisi ya sanya ruwa da wurin kiwo cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu, malaman fiƙihu kuma suka ware wa kogi da rijiya huruminsu.

Akwai kuma doka ta ƙarshe, wadda ita ce mabuɗin wannan bincike: a fadama ake nema, a tudu ake kwana. Shi ya sa garuruwanmu suka cika da Tudun Wada, shi ya sa wanda ya kuɓuta daga wata masifa ake cewa ya hau tudun mun tsira. Maraɗi ta gwada saɓa wa wannan doka bisa larura. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya bayan jihadi sun kafa sarautarsu a can a farkon ƙarni na 19, cikin kwarin gulbi, inda kurmi ke kāre su daga mahara. Garin ya zauna a nan sama da shekara ɗari, har ambaliyar 1945 ta rushe shi, aka tashi aka koma kan tudun da yake a yau. Kwarin ya koma aikinsa na asali, wato noma.

Yadda ta bi fatake

Fataken goro da ke zuwa Gwanja ta ƙasar Borgu suke ratsawa, wadda babban ɓangarenta ke cikin arewacin Benin ta yau. Su ƙetare Kwara, su bi ta Nikki da Parakou da Djougou, har Salaga. Madugu ba ya sauke ayari sai inda jakuna za su sami ruwa da ciyawa, don haka zango da fadama tun fil azal maƙwabta ne. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da kuma komawar ciniki bakin teku a zamanin Turawa, Hausawa suka bazu zuwa Kumasi da Akra da Lome da Kwatano. Duk inda suka sauka sunan zango ya bi su, ya zama Zongo a bakin mutanen ƙasa.

To amma baƙo ba ya zaɓen masauki, inda mai gari ya nuna masa nan yake sauke kaya, kuma mai gari ba ya ba da tudunsa. A Akra, wasu daga cikin baƙin arewa sun sami kansu a ƙasar da ke gefen kogin Odaw da tafkin Korle. Da suka dube ta suka ga ruwa na hawa yana janyewa, sai suka kira ta da sunan da suka sani, Fadama. Ba su yi kuskuren suna ba ko kaɗan. Abin da ya bambanta shi ne, a gida da sun noma ta sun koma tudu sun kwana, a nan kuwa babu tudun komawa.

Sauran labarin sananne ne. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Kwame Nkrumah ta karɓe filin don gyaran tafkin, aka mayar da mazauna wata unguwa da aka raɗa wa New Fadama, inda gidan Babban Limamin Gana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yake. Tsohon wurin bai daɗe a wofi ba. Masu neman abinci suka sake cika shi, sannan 'yan gudun hijirar rikicin arewacin Gana na 1994 suka ƙaru a kai. Ƙidayar da mazauna suka yi da kansu a 2009 ta sami mutum kusan 80,000 a kan hekta 31. 'Yan birni suka laƙaba wa unguwar sunan biranen mutanen Annabi Luɗu. Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni, 2015, wadda ta kashe sama da mutum 150 a tsakiyar Akra, hukuma ta rushe wani sashe na unguwar da hujjar buɗe wa ruwa hanya. Haka sunan da ke sa manomi alfahari ya zama abin gori a bakin wanda bai san asalinsa ba.

Kwatano, birni a kan fadama

Kwatano ta fi Akra nuna al'amarin a sarari, domin a nan ba unguwa ɗaya ce ke cikin hatsari ba. Birnin na zaune ne a kan siririn rairayi tsakanin teku da tafkin Nokoué. Mashigin ruwan da ya raba shi biyu ma haƙa shi aka yi a 1885, don a sama wa ruwan tafki hanyar fita. Kogin Ouémé, mai tsawon kilomita kusan 500, shi ke kwaso ruwan daminar arewa ya juye a tafkin. Da rani faɗin tafkin bai wuce murabba'in kilomita 150 ba, amma tsakanin Satumba da Oktoba yana iya ninka haka har sau uku. Duk ƙasar da ke tsakanin waɗannan iyakoki biyu, Bahaushe ba shi da sunan da zai ba ta sai fadama.

Mutanen ƙasar sun san haka tun kafin zuwan kowa, kuma harshensu ya shaida. A harshen Fon, tokpa na nufin gefen ruwa, daga nan sunan kasuwar Dantokpa ya fito. Mutanen Ganvié, waɗanda ake kira Tofinu, a kan dirkoki suka kafa ɗakunansu cikin tafki, ruwa ya hau ya sauka a ƙarƙashinsu. Manoman kwarin Ouémé, wajen Dangbo da Adjohoun da Bonou, suna da wata dabara da duk ɗan Haɗeja zai gane da gani ɗaya. Sukan haƙa dogon rami siriri a cikin fadama, wanda suke kira whedo, su tara ƙasar da suka fitar a gefensa. Ambaliya ta zo ta rufe komai, kifi ya shiga. Ruwa na janyewa kifin ya taru a ramin, a bar shi ya yi ƙiba a kwashe da rani, a kuma shuka barkono da tumatir da masara a kan tudun ƙasar da ke gefe. Waɗannan mutane ba su taɓa jin kalmar Hausa ba, amma dokarta suke bi sau da ƙafa.

Birni ne ya karya dokar. A 1960 mutanen Kwatano ba su kai 100,000 ba. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1965 jama'a suka yi ta kwarara, har ƙidayar 2013 ta sami 679,012 a cikin birnin kaɗai. Tudun rairayi ya cika, sai aka gangara kwari. Unguwar Zongo tana cikin tsohon gari, a gunduma ta 5, kusa da Jonquet da Dantokpa. Zogbo kuwa, wadda sunanta ke kama da nata a kunne, tana can gunduma ta 9 ta wajen tafki, tare da Fifadji. A irin waɗannan unguwanni na gefen tafki, har da Vossa da Ladji, ake ganin yadda ake mayar da fadama fuloti. Mutum ya sayi fili da rani yana busasshe, ya yi ta zuba shara da yashi har ya taso, ya aza bulo. Maƙwabcinsa ya ga ruwan ya karkato kansa, shi ma ya ƙara tudu. Ruwa kuwa ba ya ɓacewa, wanda ya fi kowa rauni yake nema. Da Oktoba sai ka ga an jera tayoyi da buhunan yashi a lungu ana takawa, an ɗora gado a kan bulo, masai ya cika ya haɗu da rijiya, sauro ya sami gida. Ta fuska uku ruwan ke zuwa: daga sama, daga tafki, da kuma daga ƙarƙashin daɓen ɗaki, domin ruwan ƙasa a nan kusa yake ƙwarai.

A 2010 Benin ta ga ambaliyar da ba ta ga irinta ba tun 1963. Ta shafi mutum kusan 680,000 a ƙananan hukumomi 55 daga cikin 77, Kwatano na ciki. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don aikin magudanan ruwan birnin, wasu masu ba da rance suka ƙara nasu. Aiki ne mai kyau, ya kuma rage wa unguwanni da dama wahala. Sai dai wani babban kaso na kuɗin yana tafiya ne wajen sake buɗe wa ruwa hanyoyin da dā yake bi kyauta.

Duk da haka, a wannan birnin ne kuma ake ganin ɗaya fuskar fadama kowace safiya. Babbar mota ta iso daga arewa bayan tafiyar sama da kilomita 700, 'yan dako su hau su fara sauke buhuna. Dillali ya kwance bakin buhu, ya zaro albasa ɗaya, ya matsa ta a tafin hannu, ya duba wuyanta ko ya bushe, kafin a fara maganar kuɗi. Wannan albasa daga fadamun Malanville da Karimama take a bakin Kwara, ko kuma ja ce ta Galmi daga kwarin Majiya a jihar Tawa. Cikin birnin ma, lambunan Houéyiho da ke kusa da filin jirgin sama suna ciyar da kasuwanni da ganye tun 1972, da ruwan da ake ɗiba a ramuka marasa zurfi. Ƙasa mai ruwa a kusa tana ciyar da wanda ya noma ta, tana kuma cin wanda ya kwana a kanta.

Gida ma an manta

Kada mu ɗora wa bakin teku laifin duka, domin a ƙasar Hausa ma ma'anar ta tsuke. Tun shekarun 1980 injin fetur da rijiyar burtsatse suka fara maye gurbin jigo. Shirin Fadama na farko, 1993 zuwa 1999, da rancen dala miliyan 67.5 daga Bankin Duniya, ya yaɗa su ko'ina. Manoma sun amfana sosai, babu mai musun wannan. Amma shirin ya ɗauki fadama a matsayin gonar manomi shi kaɗai. Lambu ya mamaye mashaya, burtali ya toshe, rigima da makiyaya ta ƙaru. Shi ya sa da aka zo shiri na biyu a 2004 aka shigar da makiyaya da masunta cikin ƙungiyoyin masu amfana, na uku kuma, wanda aka amince da shi a 2008 da dala miliyan 250, ya game jihohi 36 da Abuja. A nan ne kalmar ta rabu da ƙasarta, ta zama sunan ofis har a jihohin da ba a jin Hausa.

Madatsun ruwa sun yi abin da ya fi haka, domin sun taɓa sharaɗin farko, wato hawan ruwa. Madatsar Bakolori, da aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, ta rage ambaliyar da shinkafa da kifin ƙauyukan da ke ƙasa da ita suka dogara a kai. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi bore, a Afrilun 1980 'yan sanda suka murƙushe su da asarar rayuka. Tiga a 1974 da Challawa a 1992 sun sauya tafiyar ruwan da ke zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyi, wani wuri ya bushe, wani ya nutse shekara zagaye. Masanan tattalin arziki da suka auna a farkon shekarun 1990 sun gano cewa ruwan da aka bari ya malala a wannan fadama ya fi kawo amfani, in aka haɗa noma da kifi da itace, a kan wanda aka tare don manyan gonakin ban-ruwa na Kano. A biranenmu kuma, kududdufai da kwaruruka nawa aka cike aka yanka fuloti, sannan aka zo ana kuka da ambaliya?

Hukunci

Kalmar ba ta sauya ba. Tun zamanin Barth har yau fadama na nufin ƙasar da ruwa ke da haƙƙi a kanta wata biyu ko uku a shekara, wadda jama'a da yawa ke ci bi da bi. Mu ne muka riƙe sunan muka saki sharuɗɗansa: talauci da baƙunta suka sa wasu kwana a cikinta, kwaɗayin fili ya sa wasu sayar da ita, wasu kuma suka tare mata ruwa.

Don haka kira na farko ga shugabannin Zongo ne, a Kwatano da Akra da sauran garuruwa: sarakuna da limamai su riƙa faɗa wa baƙon da ya zo neman fili gaskiya. Kada wanda ya sayi fuloti a gefen tafki sai ya je ya gan shi da idonsa a watan Oktoba, ya kuma tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya tsaya a 2010. Tun ran gini ran zane. Kira na biyu ga hukumomi ne: wanda za a tasa daga hanyar ruwa a fara nuna masa tudun da zai koma, domin ba don sha'awa ya sauka a kwari ba, kuma in aka rushe aka bar shi a titi, wata fadamar zai nema. A gida kuwa, a saki ruwan madatsu a kan lokacin da fadama ke buƙatarsa, a mayar wa makiyayi burtalinsa da mashayarsa, a daina yanka fuloti a kwari. Iyaye da malamai su koya wa yara bambancin tudu da jigawa da fadama kamar yadda aka koya wa kakanninsu, domin yaron da ya san waɗannan sunaye ba za a sayar masa da hanyar ruwa a matsayin filin gida ba.